Makonni takwas na ƙarshen Breaking Bad: tambayoyi da amsoshi kan hasashen 'yan kallo

Gargaɗi tun daga bakin ƙofa: duk wanda bai kalli fim ɗin nan ba kuma yana da niyyar kallo, ya tsaya a nan. Zan faɗi wanda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da abin da aka kashe shi da shi. Na tattara tambayoyin ne daga waɗanda ƙannena da abokan hira suka sha yi mini bayan sun gama kallo, musamman waɗanda ba su riski lokacin da ake haska shi mako-mako ba.

Wane fim ne wannan, a taƙaice?

Fim ne mai dogon zango na Amurka da Vince Gilligan ya ƙirƙira, tashar AMC ta fara haska shi ranar 20 ga Janairun 2008, ta rufe ranar 29 ga Satumbar 2013. Zango biyar, kashi 62. Labarin wani malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, mai suna Walter White, wanda Bryan Cranston ya fito a matsayinsa. Likita ya gaya masa yana da sankarar huhu, sai ya haɗa kai da tsohon ɗalibinsa Jesse Pinkman suka shiga dafa muguwar ƙwayar nan ta met, wai don ya bar wa iyalinsa abin da za su rayu da shi. A lissafinsa na farko dala 737,000 yake nema. Kafin a gama, dala miliyan 80 ya binne a daji cikin ganguna.

Me ya sa makonnin ƙarshe suka yi zafi haka?

An raba zango na biyar gida biyu, kashi takwas a 2012, takwas a 2013. Rabin farko ya tsaya a wurin da ya fi kowane wuri cin rai. Hank Schrader, mijin ƙanwar matar Walter kuma jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ya shiga banɗaki a gidan Walter, ya ɗauki wani littafin waƙoƙi don ya rage lokaci, sai ya ga rubutun hannu a ciki da ya nuna masa cewa Heisenberg, wato madafin ƙwayar da ya daɗe yana farauta, shi ne mutumin da suke cin abinci tare a waje. Nan aka yanke, ranar 2 ga Satumbar 2012. Ba a dawo ba sai 11 ga Agustan 2013.

Wata goma sha ɗaya mutane suna zaune da tambaya a baki. A cikin wannan tazara ne kuma jama'a da yawa suka bi tsofaffin zangunan a Netflix suka kamo. Alƙaluma sun nuna haka: ƙarshen zango na huɗu mutum miliyan 1.9 suka kalla a daren da aka haska, kashin dawowa a Agustan 2013 ya samu miliyan 5.9, na ƙarshe kuwa miliyan 10.3. Gilligan da kansa ya yaba wa Netflix a daren 22 ga Satumbar 2013, lokacin da fim ɗin ya ci lambar yabo ta Emmy, saura mako guda a rufe.

Hasashe na farko da ya faɗi ƙasa warwas shi ne na masu cewa za a ja zancen Hank da Walter har kusan ƙarshe, ana kallon hadarin kaji. Tun a kashin dawowa Hank ya rufe ƙofar gareji ya zabga wa Walter naushi. Daga ranar kowa ya san marubutan ba su da niyyar jan rai.

Wa Walter ya saya wa bindiga mai jigida?

Wannan ita ce uwar tambayoyi. A buɗe zango na biyar aka yi tsalle zuwa gaba, aka nuna Walter da gashi da gemu buzu-buzu, a wani gidan abinci ranar da ya cika shekara 52, yana ɗauke da katin shaida na jihar New Hampshire da suna na bogi. Ya haɗu da dillalin makamai a banɗaki, ya fito ya buɗe but ɗin mota, sai ga bindiga ƙirar M60. Ba a ƙara cewa komai ba.

Kowa da nasa. Wasu suka ce 'yan sanda zai yi wa ruwan harsashi ya mutu a tsaye kamar jaruman finafinan 'yan daba na da. Wasu suka ce masu safarar ƙwaya na Meziko ne za su dawo ɗaukar fansa. Wasu suka ce Jesse. Da aka shiga rabi na biyu, gungun Jack, kawun Todd (sabon mataimakin Walter a dafa ƙwaya), suka fara bayyana ƙarara a matsayin abokan gaba, sai mafi yawan masu hasashe suka koma kansu, kuma sun canka.

Abin dariyar shi ne, Gilligan ya sha faɗa bayan an gama cewa a lokacin da suka rubuta wancan wurin, su kansu marubutan ba su san wa za a harba da bindigar ba. Sun ɗora wa kansu kaya ne kawai, daga baya suka yi ta neman inda za su sauke. Ke nan dubban mutanen da suka kwana suna tsayar da hoto suna neman alamar da aka ɓoye, suna tonon rijiyar da ba a kai ga zuba mata ruwa ba.

Gubar da ya dawo gida ya ɗauka fa?

Risin ce, guba da ake samu daga 'ya'yan zurma. Tun zango na biyu ake yawo da ita a fim ɗin ba ta taɓa cin kowa ba. A kashin dawowa aka nuna Walter ya shiga tsohon gidansa da ya zama kango, ya kwance murfin soket ya zaro ta.

Hasashe uku suka fi ƙarfi: zai sha da kansa, zai ba Jesse, ko zai zuba wa Lydia, matar da ke fitar masa da kaya zuwa Turai. Masu cewa Lydia ba wani duba suka yi ba. Sun lura ne cewa matar nan ba ta canza ɗabi'a: wuri ɗaya take zama, lokaci ɗaya take zuwa, kuma kullum sai ta yage 'yar takardar abin zaƙi na stevia ta zuba a shayinta. Mai hali irin wannan ya riga ya nuna wa maƙiyinsa ƙofa. Haka kuwa aka yi.

Me sunan kashin ƙarshe, Felina, yake nufi?

Da sunan ya fita, sai masana kimiyya na intanet suka tashi. Suka yanka kalmar gida uku: Fe alamar ƙarfe, Li alamar litiyam, Na alamar sodiyam. Wai ƙarfe na cikin jini, litiyam na haɗa ƙwaya, sodiyam na cikin hawaye, don haka ma'anar ita ce jini da ƙwaya da hawaye. Zance ne mai daɗin ji, har yanzu ana yaɗa shi. Matsalarsa ɗaya: hanyar da Walter ke dafa kayansa a fim ɗin ba ta amfani da litiyam.

Bayanin da ya tabbata ya fi sauƙi. In ka juya haruffan za su ba ka kalmar Turanci mai nufin ƙarshen wasa. Sannan akwai tsohuwar waƙar Marty Robbins mai suna El Paso, labarin wani da ya yi kisa ya gudu, amma son wata mace mai irin wannan suna ya dawo da shi garin da ya san za a harbe shi. Ita ce waƙar da ke tashi a mota a farkon kashin. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne wace ce masoyiyar Walter da ya dawo dominta. Ni dai na ga inda ya je ya mutu: a ɗakin dafa ƙwaya, yana shafa tukunyar ƙarfe kamar mai sallama da amarya.

To me ya sa mutane suka yarda cewa akwai alamu a ɓoye ko'ina?

Domin an taɓa yi musu. A zango na biyu, kashi huɗu sun buɗe da hoton wata 'yar tsana mai ruwan hoda da ta ƙone tana yawo a kududdufin wanka na gidan Walter. Da aka jera sunayen waɗannan kashi huɗu, sai suka ba da jimla mai cewa jirgi ƙirar 737 ya faɗo a kan Albuquerque, kuma da haɗarin jirgi zangon ya ƙare. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga nan launin riga, lambar mota, hoton bango, babu abin da 'yan kallo suka bari. Har lambobin wurin da Walter ya binne kuɗinsa, waɗanda ya ɓoye a takardar caca, sai da aka sa su a taswira. Suka kai mutane harabar kamfanin da ake ɗaukar fim ɗin a Albuquerque. Tsokana ce kawai.

Da gaske an yi zaton zai kashe matarsa?

Sosai ma, kuma hujjar ba ta banza ba ce. An lura cewa Walter na ɗaukar ɗabi'ar mutanen da ya kashe. Mutum na farko da ya shaƙe a ɗakin ƙasa ba ya cin gefen burodi, daga baya aka ga Walter na yanke gefen nasa. Gus Fring, babban dillalin ƙwayar da Walter ya yi wa aiki, ya taɓa shimfiɗa tawul kafin ya durƙusa ya yi amai, bayan mutuwarsa aka ga Walter ya yi haka. To a wancan gidan abinci, Walter ya jera yankan nama ya rubuta 52 a faranti, abin da matarsa Skyler ce ke yi masa duk ranar zagayowar haihuwarsa, kuma sunan bogin da yake amfani da shi, Lambert, sunan gidan su Skyler ne. Sai aka ce shi ke nan, ta tafi.

Ba ta tafi ba. Abin da ya faru a faranti kewa ce ta mutumin da ya rasa gida. Masu wannan hasashe sun ga alamar daidai, fassarar ce ta kuɓuce musu, don sun mai da mutum kamar lissafi.

Me ya jawo wa Skyler ƙiyayya haka?

Nan ne nake ganin halin 'yan kallo ya fi fitowa fili. Mata ce da ta gano mijinta na dafa guba yana sayarwa, yana yi mata ƙarya safe da yamma, ta ce ba za ta bar 'ya'yanta a cikin wannan ba. Amma aka buɗe shafuka a Facebook don zaginta kawai, masu mabiya dubbai. Abin ya wuce kan Skyler ya koma kan Anna Gunn, wadda ta fito a matsayinta, har da masu fatan mutuwarta. A watan Agustan 2013 ta rubuta maƙala a jaridar New York Times kan lamarin, tana danganta shi da yadda wasu ke kallon macen da ta ƙi yin shiru. Ta ci Emmy a shekarar, ta sake ci a 2014.

Ba zan wanke Skyler tas ba, ta shiga wanke kuɗin da hannunta, ta kuma ci amanar aure. Sai dai mutumin da ya tsaya yana kallo Jane, budurwar Jesse, ta shaƙe ta mutu bai ɗaga yatsa ba, ya sa wa yaro ƙarami guba, ya sa aka kashe mutum goma a kurkuku cikin minti biyu, shi ake wa tafi. Mun saba da wannan ko a majalisarmu: ɗan daba in yana da kwarjini sai a ce namiji ne, matar da ta yi magana a ce ta cika mita.

Wane kashi ne ya fi girgiza mutane?

Ozymandias, na 15 ga Satumba, wanda Rian Johnson ya ba da umarni. Jack ya harbe Hank a daji bayan Walter ya yi tayin duk dukiyarsa don a bar shi. Suka kwashe ganguna suka bar masa ɗaya. Walter ya miƙa musu Jesse, ya kuma gaya masa baki da baki cewa yana tsaye Jane ta mutu. Ya koma gida, aka yi kokawa da wuƙa, ɗansa ya kira 'yan sanda, shi kuma ya sure jaririyarsu Holly ya gudu.

Gardamar makon ta tsaya kan wayar da ya buga wa Skyler daga baya, yana zaginta yana cewa ba ta san komai ba, shi kaɗai ya gina komai. Wasu suka ce ga ainihin fuskarsa ta fito. Wasu suka ce ya san 'yan sanda na saurare, wanke ta yake yi, shi ya sa hawaye ke zuba yana maganar. Na biyun ne manufar marubutan. Amma duk wanda ya taɓa zama da mai irin wannan hali ya san ba a ƙirƙiro kalaman nan daga iska ba, akwai su a cikinsa tuntuni.

An yi tsammanin Jesse zai rayu?

Kaɗan ne suka sa rai. Asali ma a zango na farko aka shirya kashe shi, wasan Aaron Paul ne ya sa Gilligan ya canza shawara. A kashi na kusa da ƙarshe yana ɗaure da sarƙa a rami, an harbe Andrea, budurwarsa ta bayan Jane, a gabansa. Hasashen da ya fi yawo shi ne shi zai kashe Walter. Aka ba shi bindigar kuwa, Walter ya ce ya harba, ya ƙi, ya jefar ya tafi. Todd ne Jesse ya shaƙe da sarƙar hannunsa.

Ku a nan ta yaya kuka bi shi a lokacin?

Da wahala. Ana haska shi ƙarfe tara na daren Lahadi a gabashin Amurka, wato biyun dare agogon Najeriya, wayewar Litinin. Netflix bai iso Najeriya ba sai Janairun 2016. Don haka sai wanda ke da intanet mai ɗan ƙarfi ya sauke, sauran mu bi shi da filashi. Ranar Litinin kuwa ba a buɗe Facebook sai an kalla.

Ranar kashin Ozymandias na yi duk wannan taka-tsantsan. Na kashe data tun asuba, na karɓo filashi da la'asar, na ce sai bayan isha'i in an kawo wuta. Da magariba na tsaya wurin mai shayi, sai ga wani abokina ya zo ya ja benci, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, Allah ya ji ƙan Hank." Na ajiye kofi. Ya ga fuskata ya ce, "Au, ba ka gani ba? Wallahi na ɗauka ka gani." Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu yana tambaya ko ɗan unguwar nan ne, yaushe za a yi jana'iza. Sati biyu ban amsa sallamar abokin nan da daɗi ba.

Labarin ƙarshen bai fita kafin lokaci ba?

An kusa. Kafin a haska rabi na biyu ɓarawo ya fasa motar Cranston a New Mexico ya ɗauke jaka mai ɗauke da rubutun ɗaya daga cikin kashin ƙarshe. Hankalin masoya ya tashi, amma labarin bai bazu ba.

Fim ɗin ba koyar da haɗa ƙwaya yake yi ba?

Tambaya ce da iyaye ke yi, kuma da hujjarsu, tunda tun 2011 hukumar NDLEA ta fara gano wuraren dafa irin wannan ƙwaya a Legas. Masu fim ɗin sun yi aiki da farfesar kimiyyar sinadarai, Donna Nelson ta jami'ar Oklahoma, sun kuma nemi shawarar hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasarsu, kuma da gangan suke tsallake matakai. Shuɗin launin ma ado ne na fim, tsantsar abin ba shi da launi. Amma ba fim ɗin yara ba ne, ko kusa.

Me ya sa ake fargabar ƙarshen zai ba da kunya?

An sha ɗaci a baya. The Sopranos ya ƙare a 2007 da allo ya yi baƙi ɗif a tsakiyar cin abinci, har mutane suka zaci talabijin ɗinsu ce ta lalace. Dexter kuwa ya rufe ranar 22 ga Satumbar 2013, mako ɗaya tak kafin Felina, da ƙarshen da masoyansa suka yi ta tsinewa. Har barkwanci aka riƙa yi cewa Walter zai farka ya ga mafarki ne, shi ne uban nan na fim ɗin barkwancin da Cranston ya yi a baya, Malcolm in the Middle. Masu fim ɗin suka ji, suka ɗauki wannan wurin da gaske don raha, suka sa a faifan da aka fitar daga baya.

To ƙarshen ya gamsar?

Mafi yawa sun gamsu. Walter ya je gidan tsofaffin abokan kasuwancinsa Gretchen da Elliott, waɗanda kowa ya ɗauka kashe su zai yi, sai ya tilasta musu su miƙa wa ɗansa dala miliyan 9.72 da sunan kyautarsu, ya tsorata su da 'yan fitilu masu jan haske da ya ce na maharba ne. Ya je wurin Skyler, a karon farko ya daina fakewa da iyali, ya amsa cewa don kansa ya yi, yana jin daɗin abin, kuma ya iya. Bindigar ta tashi daga but ta share gungun Jack, harsashinta ɗaya ya same shi.

Masu ƙorafi suka ce komai ya zo masa da sauƙi fiye da kima. Daga nan hasashe na ƙarshe ya fito, wanda ɗan barkwanci Norm Macdonald da mai sharhin mujallar New Yorker Emily Nussbaum suka yi fice da shi: wai Walter ya daskare ne a motar da ƙanƙara ta rufe a New Hampshire, duk abin da ya biyo baya mafarkin mai gargara ne. Suna kafa hujja da yadda makulli ya faɗo masa daga sama kamar an aiko. Gilligan ya musanta, kuma akwai abubuwan da aka nuna da Walter ba shi da hanyar saninsu balle ya yi mafarkinsu. A fim ɗin El Camino na 2019, wanda ya bi Jesse bayan tserewarsa, an ji rediyo na sanar da samun gawar Walter a sansanin su Jack. Duk da haka na fahimci masu wannan magana. Ba su so mutumin da ya rusa gidaje da yawa ya mutu da ɗan murmushi a fuska.

Bayan an rufe, masoyan sun haƙura?

Ina fa. Kwanaki kaɗan bayan kashin ƙarshe wasu suka biya kuɗi aka buga sanarwar rasuwar Walter White a jaridar Albuquerque Journal. A watan Oktoba aka yi masa jana'izar wasa a wata maƙabarta ta gaske a birnin, aka tara kuɗi don marasa matsuguni, iyalan waɗanda ke kwance a wurin kuma suka nuna ɓacin ransu.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu gidan da aka yi amfani da shi a matsayin gidan Walter, gida ne na mutane da suke zaune a ciki a lokacin. Saboda wani wuri a zango na uku da Walter ya fusata ya wurga fiza kan rufin, baƙi suka riƙa zuwa da tasu suna wurgawa. A 2015 Gilligan ya fito ya roƙi a daina, ya ce babu abin dariya a ciki. Ba a daina ba. A 2017 masu gidan suka kewaye shi da shingen ƙarfe mai tsawon ƙafa shida.